Kaya Ke Zaɓen Mota: Maganarmu Kan Dakon Gaggawa Na Amurka

 Yau mun ɗan jingine maganar farashin hatsi da na fata, za mu leƙa wata sana'a ta ƙasar Amurka wadda can suke ce da ita hotshot, mu kuwa za mu kira ta dakon gaggawa. Abin da ya sa muka ɗauko ta shi ne, sana'a ce ta mutum ɗaya da mota ɗaya, jarinta bai kai na babbar tirela ba, kuma wuyanta a hannun dillali yake. Ra'ayinmu a kanta gajere ne: kaya ke zaɓen mota. Wanda ya fara sayen mota sa'an nan ya shiga cigiyar abin da zai ɗora mata, ya fara ciniki daga wutsiya, kuma da yawa daga cikin waɗanda sana'ar ta kayar ta nan ta kama su.

Ga yadda take. Mutum zai sami a-kori-kura, amma ba irin ƙananan nan da muka saba gani suna jigilar buhuna ranar kasuwa ba. Ƙatuwa ce mai injin dizal, mai taya huɗu a baya, biyu kowane gefe, irin su Ford F-350 da Ram 3500 da Chevrolet Silverado 3500. Sai ya ɗaura mata buɗaɗɗiyar tirela marar bango, tsawonta ƙafa 30 zuwa 40, faɗinta ƙafa takwas da rabi. Tirelar tana da dogon wuya lanƙwasasshe, wanda ke hayewa bisa bodin motar ya sauka kan wani dunƙulen ƙarfe da aka kafa daidai saman tayoyin baya. Saboda kamannin wuyan nan suke ce mata mai wuyan dinya, watau agwagwar ruwan nan mai dogon wuya. Amfaninsa shi ne nauyin gaban tirela yana sauka bisa tayoyin mota, don haka ba ta yawan lilo a hanya, tana kuma jure kayan da wadda ake maƙalawa a bamba ba za ta jure ba.

Masu sana'ar suna kai asalinta ga filayen man fetur na jihar Teksas, cikin shekarun 1970, sa'ad da farashin mai ya tashi bayan 1973 aka dukufa haƙar rijiyoyi. Injin haƙa idan ya tsaya domin wani ƙarfe ya karye, kowace sa'a asara ce, ga ma'aikata zaune ana biyansu. Sai aka sami direbobi suna fakewa a ƙofar maƙera, da an gama ƙera abin su ɗauka su miƙe, ba tsayawa sai bakin rijiya. Har yau garuruwan Midland da Odesa, da ke tsakiyar filayen mai na yammacin Teksas, suna cikin manyan kasuwannin wannan aiki, ko da yake yanzu ya bazu ko'ina: ana ɗaukar taraktoci, da injinan wuta, da katako, da bututu, da ƙarafunan gini. To ku lura, mai kaya ba don girman motar nan yake biya ba. Babbar tirela tana ɗaukar tan ashirin da ɗoriya, kuma in aka raba kuɗinta bisa kowane tan ta fi araha nesa ba kusa ba. Abin da ake saye wurin mai a-kori-kura shi ne sauri, da ɗaukar ɗan kaya kaɗan ba tare da jiran mota ta cika ba. Duk ɗan kasuwar da ya taɓa kwana a tasha yana jiran lodi ya cika ya san darajar wannan.

Kafin a taka gidan sayar da mota, sai a fara sanin lissafin laba, domin dokar dako ta ƙasar a kan nauyi ta ginu. Kowace mota da kowace tirela tana da ɗan allo manne a jikinta, inda maƙeranta suka rubuta iyakar nauyin da aka yarda ta kai, ita da kayanta. Da zarar nauyin ya kai laba 10,001, kuma ana ƙetare iyakar jiha da kayan haya, mutum ya shiga hannun hukumar tarayya mai kula da motocin dako, wadda ake kira FMCSA. Sai ya yanki lamba, ya nemi izinin ɗaukar kayan mutane, likita ya duba shi ya ba shi shaida, ya kuma kiyaye dokar sa'o'i. Dokar sa'o'in ita ce kada ya yi tuƙi fiye da sa'a 11 cikin sa'a 14 na aiki, sa'an nan ya huta sa'a 10 cur. Tun watan Disamba na 2017, mai tafiya mai nisa na'ura ce haɗe da injin ke rubuta masa sa'o'in nan, an daina dogara ga littafin hannu da ake iya gyara wa lissafi. Wannan duk ya hau kan mai a-kori-kura kamar yadda ya hau kan mai babbar tirela. Ke nan sauri ma yana da iyaka.

Iyaka ta biyu ita ce mai raba gardama, watau laba 26,001, kusan tan goma sha biyu. Idan aka tara abin da ke allon mota da abin da ke allon tirela ya kai wannan adadi, tirelar kuma ta haura laba 10,000, to sai da babban lasin na direbobin manyan motoci, wanda suke ce wa CDL. Abin da aka rubuta a allo ake fara dubawa fa, ko da tirelar wayam take tafe.

A nan ne mutane ke yin dabara. Irin motocin da muka ambata, mai taya huɗu a baya, an saba rubuta musu laba 14,000. Sai mai saye ya ce wa maƙerin tirela ya rubuta wa tasa 12,000, a tara ya zama 26,000 cif, laba ɗaya tak ƙasa da doka, ba ruwansa da babban lasin. Dabara ce da doka ta yarda da ita, ba mu ce haram ba ce. Amma mu zauna mu yi lissafi irin na kasuwa. Motar kanta, da man da ke cikinta, da direba, da sarƙoƙi da tamfol, sun tasam ma laba 9,000. Tirela mai ƙafa 40 wayam ta ci wajen 7,000 ko 8,000. Abin da ya rage wa kaya bai cika wuce tan huɗu ba. Ga shimfiɗa doguwa ƙafa arba'in, amma an ƙayyade mata tan huɗu, kamar mutumin da ya gina ƙaton rumbu aka ce kada ya zuba fiye da dami goma. Mai babban lasin kuwa, da irin motar nan dai, in ya ja tirela mai ƙarfin ƙafa, yana ɗaukar tan bakwai ko takwas. Kuɗin mota ɗaya ne, hanya ɗaya ce, sa'o'in tuƙi ɗaya ne, amma kaya ninki biyu.

Saboda haka mu muna ganin wanda ya ɗauki abin nan sana'a da gaske ya je ya yi babban lasin. Gaskiya ne tun watan Fabrairu na 2022 ba a zama jarrabawar sai an bi ta makarantar horo da hukuma ta yi wa rajista, kuma zai ci makonni da 'yan dubban daloli, sa'an nan akwai ƙarin takardun harajin mai da na lambar mota ga wanda ya haura iyakar. Akwai masu cewa gara a fara da ƙarami, in abin ya karɓi mutum ya ƙara gaba. Maganarsu tana da fuska, amma da sharaɗi. In mutum yana da mai kaya a hannu wanda kayansa masu cika ido ne marasa nauyi, kamar bututun roba ko tankunan ruwa wayam, to tan huɗu ya ishe shi, babban lasin ma ɓata kuɗi ne gare shi. In kuwa ba shi da kowa, ya sani ya shiga ta ƙofar da kowa ke shiga ke nan, domin duk wanda ke da mota da ɗan kuɗi ta nan yake bi, kuma inda masu mota suka yi yawa mai kaya ke yanka farashi. Wanda kuma kwaɗayi ya sa ya ɗora fiye da abin da allonsa ya ce, akwai sikeli a bakin manyan hanyoyi. A ci shi tara, a tsayar da mota har ya rage kaya, a kuma rubuta laifin a ƙarƙashin lambarsa, inda dillali da kamfanin inshora duk suke gani.

Ita tirela ta fi mota buƙatar tunani, ko da yake ita ce mai araha, kuma ita ce mutane suka fi saye da ka. Mai ɗaukar taraktoci da injinan tona ƙasa dole ya sami mai gangare a baya da faffaɗan matakala, domin kayansa da ƙafarsu suke hawa. Mai ɗaukar bututu da katako shimfiɗa miƙaƙƙiya yake so tun daga wuya har wutsiya, gangaren nan cin wuri ne a gare shi. Mai ɗaukar motoci kuwa tasa daban ce, mai tudu, wadda ke ɗaukar uku a jere. Wannan ta ƙarshe ta shafi wasu daga cikin masu karatu kai tsaye, domin motocin gwanjon Amurka da ake saye a filayen Copart da IAA, waɗanda ke sauka Kwatano da Legas, da yawansu a bayan irin wannan tirela suke barin filin gwanjo zuwa bakin ruwa, kuma kuɗin wannan dako yana cikin farashin da dillalin mota ke faɗa muku a nan. To wace za a saya cikin ukun? Ba mai iya amsawa sai wanda ya san kayan da zai ɗauka. Bayan wannan sai a dubi taya da birki, domin tirelar da aka ƙera wa manomi mai fita sau ɗaya a mako ba za ta jure tafiyar kullum ba, tayoyinta fashewa za su yi ta yi, ko da fentinta ya fi na kowa ƙyalli.

Maganar mota kuwa, can ma suna da gardama irin ta 'yan tasha, kowa yana yabon tasa. Wannan ya ce injin Cummins da ke cikin Ram, wancan ya ce Power Stroke na Ford, wani ya ce Duramax na Chevrolet. Ba za mu shiga tsakaninsu ba, kowanne yana jan kayan. Abin da ya fi damunmu shi ne, duk ukun ba a ƙera su domin su yi ta jan tan goma sha kullum rana ba, yadda aka ƙera kan babbar tirela. A shekarun nan sabuwa ba ta kasa dala 60,000, in an yi mata ado da kujerun fata ta tasam ma 90,000, kuma kujerar fata ba ta ƙara wa kowa kuɗin mil. Garantin injin nata mil 100,000 ne, alhali mai wannan sana'a in yana samun aiki zai cinye wannan nisa cikin shekara ɗaya da 'yan watanni. Watau garanti ya ƙare, bashin mota kuwa saura shekara huɗu ko biyar. Daga nan giya ta fara ciwo, ko kayan tace hayaƙi, domin tun wajen 2010 dokar hayaƙi ta sa injinan nan suna shan wani ruwa dabam da dizal, wanda aka haɗa da yuriya, ita dai yuriyar takin zamani da kuka sani. In wannan sashe ya sami matsala motar da kanta take rage gudu har sai an kai ta gareji. Mai mota ɗaya, ranar da take gareji ba shi da ciniki, amma banki da inshora ba su san gareji ba. Don haka muka fi karkata ga ta hannu mai lafiya, wadda bakanike ya duba, aka ga takardun gyaranta, a biya da yawa a hannu bashi ya zama kaɗan. In aiki ya zauna, sabuwa ba ta gudu.

Inshora ita ce kuɗin da masu zumuɗi ke mantawa. Doka ta ce mai dakon kayan mutane ya riƙe inshorar da za ta iya biyan dala 750,000 in ya yi wa wani ɓarna, adadin da ya samo asali daga dokar 1980 ta zamanin Shugaba Jimmy Carter, wadda ita ce ta buɗe ƙofar dako ga ƙananan masu mota. Amma dillalai ba su cika yarda da ƙasa da miliyan ɗaya ba, da wata 100,000 a kan kayan. Sabon shiga, wanda ba a san tuƙinsa ba, ya kan biya fiye da dala 10,000 a shekara, ko ya yi lodi ko bai yi ba.

Yanzu mun zo inda ya shafe ku, ya ku dillalai. Mai a-kori-kura wanda ba shi da mai kaya nasa, a allon lodi yake neman aiki. Asalin abin allo ne na gaske: a wata tashar manyan motoci mai suna Jubitz, a birnin Potland na jihar Oregan, direbobi da masu kaya suna manna 'yan takardu a bango, sai a 1978 masu tashar suka mai da shi sana'a, abin da ya zama DAT. Yau yana cikin wayar hannu, ana biyan kuɗin wata a duba. Dillali ne ke sa kaya a allon, shi ya karɓo daga mai kaya, ya cire la'adarsa, ya ba mai mota saura. Ba mu ga laifin wannan ba, da shi muke ci mu ma. Sai dai dillalin can ba ya biya nan take, ya kan ɗauki kwana talatin, wani lokaci fiye. Mai mota kuwa dizal ba a ba shi bashi, saboda haka sai ya sayar da takardar bashin ga wasu kamfanoni masu ba shi kuɗi yau su cire biyu ko uku ko biyar cikin ɗari. Bugu da ƙari, dillalai da yawa ba sa ba sabuwar lamba kaya sai ta yi wata uku, wasu ma shida, domin tsoron 'yan damfara masu karɓar lodi su sake sayar da shi ga wani su gudu da kuɗin. Ku duba fa: watannin da mutum ya fi buƙatar aiki, su ne watannin da aka fi guje masa. Gwamnati ta ɗaure dillalin shi ma, tun Oktoba 2013 aka ɗaga kuɗin jinginar da yake ajiyewa daga dala 10,000 zuwa 75,000 domin a biya masu mota in ya karye, amma dillalin da ya karye da bashin mota ɗari, wannan kuɗi ba ya kai ko'ina.

Mu ƙaddara misali, ba farashin yau muke faɗa ba, lissafi ne kawai. An ba mutum lodi na mil 500 a kan dala biyu kowane mil, dala 1,000 ke nan, baki har kunne. Ya kai kaya, bai sami na komowa ba, ya dawo wayam. Mil 1,000 ya yi, watau kowane mil ya koma dala ɗaya. In motar tana yin mil goma da galan ɗaya, galan kuma dala huɗu, mai ya ci 400. Mai sayen takardar bashi ya cire 30. In yana da wanda ke nemo masa lodi ta waya, shi ma ya cire nasa kashi. Abin da ya saura shi zai biya bashin mota, da inshora, da taya, da baƙin mai, da abinci da makwanci na kwana biyu, kafin a zo maganar cefanen gida. Waɗanda ke nuna takardar dala dubu biyar a mako ba su cika nuna wannan gefen ba, kuma hangen Dala ba shiga birni ba ne.

Kasuwar ta riga ta gwada wannan a idon kowa. A watan Afrilu na 2020 farashin ɗanyen mai a Amurka ya faɗi har ƙasa da sifiri na yini ɗaya, injinan haƙa da ke aiki suka ragu daga kusan 800 zuwa ƙasa da 250 kafin ƙarshen Agusta, waɗanda suka dogara ga filin mai kaɗai suka zauna. Daga nan kuma sai kasuwar dako ta yi tashin gwauron zabi a ƙarshen 2020 da cikin 2021, kuɗin mil ya hau, dubban mutane suka yanki lamba, suka sayi motoci da tsada domin a lokacin mota ma wuyar samu take. A 2022 abin ya juya. Kuɗin mil ya sauko, dizal kuma ya haura dala 5.80 galan a watan Yuni, bashin da aka ci lokacin daɗi yana nan yadda yake. A 2023 har manya suka faɗi: kamfanin Yellow, mai shekara 99 da ma'aikata wajen 30,000, ya rufe, haka kuma Convoy, babban dillali na intanet, ya rufe a watan Oktoba. In guguwa ta tuge kuka, ba a tambayar labarin ciyawa.

Waɗanda suka fi jure wannan lokaci su ne masu mai kaya na kansu: wani maƙerin ƙarfe a gari, wani mai ba da hayar injinan gini, wani mai sayar da taraktoci, mutum biyu ko uku da suka san sunan direba kuma suke kiransa kai tsaye, allon lodi ya zama na neman kayan komowa kawai. Irin wannan sani kafin sayen mota ake nemansa, ba a fafe gora ranar tafiya. Shi ya sa muke ganin gara mutum ya fara tuƙa motar wani, ko ya shiga da tasa ƙarƙashin lambar wani kamfani na shekara guda, ana cire masa kashi, yana koyon ɗaurin kaya da hanyoyin da ke da lodin komowa da waɗanda ba su da shi.

In wani ɗan'uwa da ke can ya aiko yana neman ku sa jari a irin wannan mota, kada ku tambaye shi sunan motar, wannan cinikin biri a sama ne. Ku tambaye shi wa zai ba shi kaya, kuma tan nawa ne kayan. Ku tambaye shi abin da aka rubuta a allon mota da na tirela, da ko lasin da ke hannunsa ya kai. Ya nuna muku takardar da kamfanin inshora ya yanka masa farashi, ba abin da ya ji a bakin wani ba. Sa'an nan ya faɗi nawa zai rage a hannunsa bayan an gama sayayya, domin wata ukun farko daga aljihu za a biya banki da inshora da dizal, kuma kuɗin giya guda ya kamata a ce yana ajiye tun ranar da motar ta fara fita.